John Gagliardi, kocin da ya shekara 60 a ƙaramar jami'a guda

Wane ne John Gagliardi?

Ba'amurke ne ɗan asalin Italiya, an haife shi a 1926 a garin Trinidad na jihar Colorado. Sana'arsa horar da 'yan wasan ƙwallon Amurka, wadda ake rungumar ƙwallo a ruga da ita ana bangaje juna, mai kama da zari-ruga. Har yau babu kocin jami'a da ya kai shi yawan nasara a wannan wasa: ya ci wasa 489, an doke shi sau 138, ya yi canjaras 11.

Yaya ya shiga harkar?

Yaƙi ne ya jawo. A 1943, yana ɗan shekara 16, aka kira kocin makarantarsu ta sakandare aikin soja, sai yaron ya karɓi ragamar horar da tsaransa alhali shi ma yana buga wasan. Daga 1949 ya yi shekara huɗu a kwalejin Carroll da ke jihar Montana, a 1953 kuma ya koma jami'ar Saint John's a Collegeville, jihar Minnesota, wadda limaman Katolika suka kafa. Bai bar wurin ba sai 2012, yana da shekara 86.

Me ya bambanta horonsa da na sauran?

Nan ne labarin yake. Sauran masu horarwa sun yi imani cewa sai an gasa wa yaro aya a hannu zai yi ƙarfi. Gagliardi ya yi suna ne da abubuwan da ya hana. Ba a kayar da juna a filin atisaye, duk da cewa kayarwa ita ce ginshiƙin wasan. Ba ya busa usur. Ba a tilasta wa kowa ɗaga ƙarfe. Atisaye ba ya wuce minti 90. Duk ɗalibin da ya zo ana karɓarsa, ba a korar kowa don bai iya ba, shi ya sa 'yan wasansa kan haura ɗari da hamsin. Ko "koci" ba ya so a kira shi, sai dai John kawai, dattijo mai furfura da yara sa'o'in jikokinsa.

Hujjarsa ba ta da wuyar ganewa: me zai sa ka karya ɗan wasanka ranar Talata, alhali Asabar kake buƙatarsa? A maimakon gumurzu, yaran kan yi ta maimaita dabarun wasa har su zauna musu a jiki. A ganina wannan ba sassauci ba ne, lissafi ne na mutumin da ya san ba shi da kuɗin sayo wani idan nasa ya ji rauni.

Ya ci kofuna da wannan salon?

Ƙwarai. Ya ɗauki kofin ƙasa na ajin ƙananan jami'o'i sau huɗu: 1963, 1965, 1976 da 2003. Na ƙarshen ya fi armashi. A Nuwamban 2003 ya ci wasa na 409, ya wuce Eddie Robinson na jami'ar Grambling mai 408, sannan a wasan ƙarshe suka lallasa Mount Union 24 da 6, ƙungiyar da ta jera nasara 55 ba a doke ta ba.

To ai ƙaramin aji ne, ko za a kwatanta shi da manya?

Masu wannan ƙorafi suna da abin faɗa, don bai kara da manyan jami'o'in da ake nunawa a talabijin ba. Sai dai a rukuni na uku na NCAA, hukumar wasannin jami'o'in Amurka, inda jami'arsa take, ba a ɗaukar nauyin karatun ɗalibi don wasa. Yaran da ya horar karatu ya kawo su, akasarinsu daga ƙauyuka da garuruwan Minnesota, kuma da su ya yi shekara sittin yana cin wasa.

Me ya rage na sunansa?

Tun 1993 ake ba da kyautar Gagliardi ga gwarzon ɗan wasan rukuni na uku a kowace shekara, wato tun yana bakin aiki. Ya rasu a Oktoban 2018 yana da shekara 91.