Ma'anar Efidemiyoloji: Ilimin da Yake Duba Lafiyar Gari Guda

Tun zamanin Korona kalmar efidemiyoloji ta shiga bakin 'yan jarida, ɗaliban fannin lafiya kuwa sun daɗe suna cin karo da ita a sashen kula da lafiyar al'umma na jami'o'i irin su Ahmadu Bello ta Zariya da Bayero ta Kano. Asalinta Girkanci ne, an haɗa ta daga kalmomi uku masu nufin "a kan", da "jama'a", da "nazari", wato nazarin abin da ya sauka a kan jama'a. Da Hausa an fi kiranta ilimin annoba, amma a ganina wannan suna ya ƙuntata ta, domin hawan jini da ciwon sukari da haɗarin mota da mutuwar mata wajen haihuwa duk suna cikin hurumin fannin. Likita yana duba mutum ɗaya ya gano ciwonsa; masanin wannan ilimi yana duba al'umma ne ya tambaya: su wa ciwon ya kama, a ina, yaushe, kuma me ya bambanta su da waɗanda ya ƙyale?

Kusan kowane kwas na share fage yana farawa da labarin Dokta John Snow. A shekarar 1854 kwalara ta ɓarke a unguwar Soho ta birnin Landan, ta kashe mutane fiye da 600, a lokacin da masana suka ɗauka gurɓatacciyar iska ce take kawo ta. Snow ya bi gida-gida yana ƙirga mamata, ya ga sun taru ne a kewayen famfon titin Broad. Abin da ya fi ƙarfafa hujjarsa shi ne waɗanda suka saɓa wa tsarin: ma'aikatan wani gidan giya da ke kan titin, waɗanda ba sa shan ruwan famfon, sun tsira, wata tsohuwa kuma da ke zaune nesa a Hampstead, wadda ake kai mata ruwan don tana jin daɗinsa, ta mutu. Aka cire hannun famfon, kusan shekara 30 kafin masanin ƙwayoyin cuta Bajamushe Robert Koch ya tabbatar da ƙwayar cutar.

Irin wannan bin diddigi ne ya warware abin da ke kashe yara a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum na Jihar Zamfara a 2010, inda ƙungiyar likitoci ta MSF da abokan aikinta suka gano gubar dalma ce daga duwatsun zinariya da ake niƙawa a cikin gidaje. Yara kusan 400 suka rasu.

Darasin farko da ɗalibi zai koya, kuma shi ne gishirin kwas ɗin, shi ne cewa adadi shi kaɗai ba ya magana sai an ce cikin mutum nawa. Mutum 50 da suka kamu a ƙauye mai mutum 500 bala'i ne da ya fi mutum 200 a birni mai miliyan ɗaya. Daga nan ake rarrabe ma'auni biyu da ɗalibai suka fi rikitawa: yawan sababbin kamuwa cikin wani lokaci, da yawan masu ɗauke da ciwon a halin yanzu. A ɗauki randa: ruwan da ake zubawa shi ne sababbin kamuwa, wanda ke ciki shi ne masu ciwon, wanda ake ɗiba kuwa shi ne waɗanda suka warke ko suka rasu. Shi ya sa idan maganin rage kaifin ƙanjamau ya wadata, masu ɗauke da cutar suna iya ƙaruwa a lissafi, alhali labari ne mai daɗi, tunda mutuwa ce ta ragu.

Sai hanyoyin bincike. Ana iya ɗaukar masu ciwo da marasa shi a waiwayi rayuwarsu ta baya, kamar yadda Richard Doll da Bradford Hill suka yi a 1950 suka danganta sigari da kansar huhu. Ana iya kuma bin sawun rukunin mutane masu lafiya shekara da shekaru, kamar binciken ciwon zuciya da aka fara a garin Framingham na Amurka a 1948. A nan ne malami yake ja wa ɗalibi kunne cewa tafiyar abu biyu tare ba ta nuna ɗaya ne ya haifi ɗaya. Idan aka ga masu yawan zama a teburin mai shayi sun fi tari, bai kamata a tuhumi shayi ba kafin a bincika ko masu shan taba sun fi yawa a cikinsu.

Game da inda za a yi karatun, Jami'ar Johns Hopkins tana da kwasa-kwasan share fage a dandalin karatun intanet na Coursera, Makarantar Tsafta da Cututtukan Ƙasashe Masu Zafi ta Landan kuma tana ba da digiri na biyu daga nesa. Karatun intanet yana barin ma'aikacin asibiti ya koya ba tare da ya bar aikinsa ba, kuma lissafin da ake bukata a wannan mataki bai wuce rabawa da kaso cikin ɗari ba. Sai dai kallon bidiyo yana sa mutum ya zaci ya gane alhali bai gwada ba, aji kuwa yana da malamin da zai kama kuskure nan take. Wanda ya zaɓi intanet ya kamata ya riƙa zana jadawalin lissafi mai gida huɗu da hannunsa, masu ciwo da marasa shi a sama, waɗanda suka haɗu da abin da ake zargi da waɗanda ba su haɗu da shi ba a gefe, ya fitar da amsarsa kafin ya leƙa ta malami.