Hinoe-uma (Shekarar Dokin Wuta)

Hinoe-uma ita ce shekara ta 43 a zagayen shekaru sittin na tsohuwar ƙidayar da Japan ta gada daga ƙasar Sin. An daɗe ana camfa ta a Japan, ana cewa macen da aka haifa a cikinta tana da zafin rai da taurin kai, kuma mijinta ba ya tsawon kwana. Babu hujjar da ta taɓa tabbatar da wannan magana. Amma a 1966 tsoronta ya sa haihuwa ta ragu da kusan kashi 25 cikin ɗari a faɗin ƙasar, shi ya sa masana ƙidayar jama'a ke yawan kafa misali da ita idan ana batun yadda camfi ke sauya abin da mutane ke tsammani, har ya sauya abin da ke faruwa.

Yadda ake lissafin shekarar

Ƙidayar tana tafiya da jeri biyu a lokaci guda. Na farko alamomi goma ne da aka samo daga abubuwa biyar: itace, wuta, ƙasa, ƙarfe da ruwa, kowanne an raba shi biyu, wa da ƙane. Na biyu dabbobi goma sha biyu ne, doki shi ne na bakwai a cikinsu. Kowace shekara tana ɗaukar alama ɗaya daga kowane jeri, kuma haɗi ɗaya ba ya dawowa sai bayan shekara sittin. Hinoe ita ce alama ta uku, wato wan wuta. Shi kansa dokin an jingina shi da kudu da tsakar rana da tsakiyar lokacin zafi, saboda haka ana ganin shekarar a matsayin wuta kan wuta.

Hanya mafi sauƙi ta gano ta ita ce a raba shekarar Miladiyya da 60. Idan 46 ya rage, to ita ce. Haka ake samun 1666, 1726, 1786, 1846, 1906, 1966 da 2026. Tun da Japan ta koma kalandar Miladiyya a 1873, galibin mutane suna ƙirga shekarar daga Janairu zuwa Disamba, ba daga sabuwar shekarar wata ba kamar yadda ake yi a Sin.

Asali

A farkon zamanin Edo (1603 zuwa 1868) abin da aka fi faɗa shi ne shekarar tana zuwa da yawan gobara. Wannan ba ƙaramin abin tsoro ba ne a birnin Edo, Tokyo ta yanzu, inda gidajen katako da takarda suke manne da juna. Jingina abin ga mata ya zo daga baya, kuma an fi danganta shi da labarin wata yarinya mai suna Yaoya Oshichi, 'yar wani mai sayar da kayan lambu. Bisa ruwayar da ta fi yaɗuwa, gobara ta cinye gidansu, suka fake a wani gidan bauta, a can ta kamu da son wani saurayi mai hidima a wurin. Da suka koma gida sai ta cinna wuta da fatan a sake kai su can. An kama ta, aka ƙona ta da rai a Suzugamori, filin zartar da hukuncin kisa na Edo, a 1683, tana da kimanin shekara 16.

Marubuta da masu wasan kwaikwayo da na 'yar tsana sun yi ta maimaita labarin, suna ƙara masa gishiri, har ya zauna a zukatan jama'a cewa a 1666 aka haife ta. Masana tarihi sun saɓa a kan haka. Wasu sun fi karkata ga 1668.

Shekarun 1846 da 1906

Bayanan 1846 ba su da yawa. Wasu masu bincike sun ce ƙarancin matan da aka haifa a shekarar, kamar yadda ya bayyana a ƙidayar da aka yi daga baya, yana nuna an kashe jarirai mata a wasu yankuna.

A 1906 haihuwar da aka yi wa rajista ta ragu da kimanin kashi 4 cikin ɗari. Abin da ya fi ɗaukar hankali shi ne rabon jinsi: maza sun yi yawa fiye da kima a rajistar 1906, mata kuma suka yi yawa a ta 1907. Dalilin a bayyane yake. A lokacin a gida ake haihuwa a hannun unguwarzoma, kuma iyaye ne ke kai rahoto ofishin rajistar iyali da ake kira koseki. Wanda ya samu 'ya mace a ƙarshen shekara sai ya jinkirta ya rubuta Janairu, wanda ya samu a farkonta kuma ya mayar da ita Disambar da ta wuce. Waɗanda ba a sauya musu ba sun ɗanɗana kuɗarsu da suka isa aure a tsakiyar shekarun 1920. Jaridun lokacin sun ba da rahoton 'yan matan da aka fasa aurensu, da wasu da suka kashe kansu saboda baƙin ciki. Waɗannan labaran suna nan a kunnen kakanni da iyayen da suka aurar da 'ya'yansu shekara arba'in bayan haka.

Shekarar 1966

Alƙaluman gwamnati sun nuna an haifi yara 1,823,697 a 1965. A 1966 adadin ya faɗo zuwa 1,360,974, sannan ya tashi zuwa 1,935,647 a 1967. Matsakaicin yawan 'ya'yan da ake ƙiyasta wa kowace mace ya sauka daga 2.14 zuwa 1.58, ya koma 2.23. Babu yaƙi, babu yunwa, babu annoba a shekarar. Tattalin arzikin ƙasar ma yana kan bunƙasa ne, shekara biyu bayan gasar Olamfik ta Tokyo.

Abin mamaki shi ne camfin ya fi cizo a lokacin da ilimin zamani ya game ƙasar. Abubuwa kaɗan ne suka haɗu. Zuwa lokacin mafi yawan haihuwa ta koma asibiti, kuma sai da takardar likita ko unguwarzoma ake yin rajista cikin kwana 14, don haka dabarar sauya kwanan wata ta yi wuya. Ba a iya sanin jinsin abin da ke ciki kafin haihuwa, saboda haka mai gudun 'ya mace dole ya guji haihuwar gaba ɗaya. Hanyar yin hakan kuma tana hannu: kororon roba ya yaɗu, an yi shekaru ana wayar da kai a kan tazarar haihuwa, kuma dokar 1948 ta halatta zubar da ciki bisa wasu sharuɗɗa. Ƙwayar hana ɗaukar ciki ba ta cikin lissafi, domin sai a 1999 Japan ta amince da ita. Ma'auratan da suke son tsallake shekarar sai sun kiyaye daga wajen Afrilun 1965 zuwa farkon Afrilun 1966. Masu bincike ba su daidaita ba a kan girman rawar da zubar da ciki ya taka.

Jaridu da mujallun mata da talabijin sun yi ta tattauna batun tun kafin shekarar ta kama. Wasu ƙananan hukumomi sun yi gangamin kira ga jama'a su yi watsi da camfin, amma ko ƙaryatawar tana tuna wa mutane da shi. Mafi muhimmanci shi ne yanayin aure. A tsakiyar shekarun 1960 kusan rabin aurarraki ta hannun masu dalilin aure ake ƙulla su, kuma shekarar haihuwar yarinya tana cikin abin da dangin miji ke fara dubawa. Uba zai iya ƙin yarda da maganar a ransa, amma yana sane cewa uwar mijin da za ta zo nan da shekara ashirin da biyar tana iya yarda. Tsoron abin da wasu za su ce ya isa ya sa shi jinkirta, jinkirin dubban gidaje kuma shi ya fito a alƙaluma kamar shaida cewa kowa ya yarda. Raguwar ta fi tsanani a haihuwa ta biyu da ta uku, inda jira na shekara ɗaya bai da wahala. Sababbin ma'aurata da yawa ba su jira ba.

Makomar waɗanda aka haifa

Ƙarancinsu ya rage musu cunkoso a aji da gasar shiga jami'a, kuma waɗanda suka kammala a ƙarshen shekarun 1980 sun tarar da kamfanoni suna neman ma'aikata ruwa a jallo. Binciken da aka yi a kan aurensu da kuɗin shigarsu bai ba da sakamako iri ɗaya ba, amma babu wanda ya nuna mazajensu sun fi saurin mutuwa. Gimbiya Kiko, wadda aka haifa ranar 11 ga Satumba 1966, ta auri Yarima Akishino a 1990, kuma ita ce mahaifiyar Yarima Hisahito.

Matsakaicin 'ya'ya 1.58 ga kowace mace na 1966 ya zama ma'aunin da ake ganin ba za a sake kaiwa ba. Da na 1989 ya fito 1.57 ba tare da wani camfi ba, hankalin hukumomi ya tashi, abin da ya kai ga shirin tallafa wa renon yara na 1994. A 2023 adadin ya kai 1.20.

Makamantansa

A Koriya ta Kudu ma ana ƙyamar haihuwar mace a shekarar doki. A 1990, lokacin da na'urar hoton ciki ta yaɗu, an haifi maza kusan 116 a kan kowaɗanne mata 100. A Taiwan da Hong Kong da Singafo abin ya kan juya, haihuwa ta ƙaru a shekarar dodon (dragon, ɗaya daga cikin dabbobi sha biyun) da ake ganin mai sa'a, kamar 1988 da 2000 da 2012. A ƙasar Hausa camfin mace mai farar ƙafa yana ɗora wa mace alhakin karayar arzikin miji ko mutuwarsa, sai dai shi ba a ɗaure shi da shekarar haihuwa ba.