Tsohon bidiyo ya ƙi buɗuwa: laifin fayil ne ko na manhaja?

Na danna bidiyo, murya na fita amma allon baƙi ƙirin. Ya lalace ke nan?

Galibi lafiyarsa ƙalau. Abin da ke ruɗa mutane shi ne 'yan haruffan ƙarshen suna, irin su AVI, MP4, MOV da MKV. Waɗannan sunan mazubi ne kawai, kamar ambulan. A ciki akwai hoto da sauti, kowanne an matse shi da tasa dabarar da ake kira kodek, wato harshen da aka rubuta wasiƙar da shi. Manhajarka ta buɗe ambulan, ta gane harshen sauti, na hoton ne ya gagare ta. Shi ya sa za ka ga fayil biyu, duka MP4, ɗaya ya yi wasa lafiya, ɗaya ya ƙi. Kodek ɗin na farkon wataƙila H.264 ne, wanda ya fito a 2003 kuma kusan kowace na'ura ta san shi. Na biyun kuma H.265, na 2013, wanda sababbin wayoyi da yawa ke ɗauka da shi, tsofaffin manhajoji kuwa ba su san da zamansa ba.

Idan na goge .avi na rubuta .mp4 fa?

Ka sauya rubutun bayan ambulan ne, wasiƙar tana nan yadda take. Wani lokacin ma sai ka ƙara rikita manhajar.

Ina da fayilolin MOV da yawa. In nemo QuickTime in saka a Windows?

Kul! Apple ya fito da QuickTime, manhajarsa ta kallon bidiyo, a 1991, ya kuma ci zamaninsa, har ma tsarin MP4 daga tsarin fayil ɗinsa aka samo shi. Amma a 2016 kamfanin ya daina gyara na Windows, aka gano wasu ɓarakar tsaro da ba za a toshe ba, hukumar tsaron intanet ta Amurka ta shawarci jama'a su cire shi. Manhajar da aka daina kulawa da ita tamkar ɗaki ne da ƙofarsa ta ɓalle, mai gyara kuma ya bar gari. Haka zancen yake ga Flash, mai fayilolin FLV, wanda Adobe ya rufe babinsa a ƙarshen Disamban 2020.

Windows Media Player fa, shi ma ya mutu?

Yana nan da sauran numfashi. Na 12 shi ne na ƙarshe, ya zo tare da Windows 7 a 2009. A Windows 11 an kawo sabuwar manhaja mai suna Media Player, tsohon kuma aka laƙaba masa Legacy, wato na gado.

To da me zan kalli tsofaffin fayilolina?

VLC, ba tare da dogon nazari ba. Ɗalibai ne suka fara shi a wata makarantar injiniyanci ta Faransa a 1996, aka sake shi kyauta ga kowa a 2001. Sirrinsa shi ne yana tafe da kodek ɗinsa a jikinsa, ba ya jiran Windows ta ara masa. AVI na 1992, 3GP na ƙananan wayoyin da, FLV, MKV, har yawancin fayilolin RealPlayer, duk yana karantawa. Fuskarsa dai ba ta da wani ado, ni ban taɓa ganin wanda ya so shi don kyau ba. A shafin VideoLAN, ƙungiyar da ke yin sa, za ka sauke shi. Tarin kodek da ake tallatawa a shafukan da ba a san asalinsu ba kuwa, bar su inda ka gan su.

Movie Maker nake nema, in ɗan yanke bidiyo in haɗa.

Microsoft ya janye shi a Janairun 2017, bayan ya fara fitowa a 2000. Duk shafin da ya ce zai sayar maka da shi yau, ka yi kaffa-kaffa, don an sha yin jabunsa. Magajinsa a Windows 11 shi ne Clipchamp, wanda Microsoft ya saya a 2021. Akwai kuma Shotcut, OpenShot da Kdenlive, duk kyauta. Mai Mac, wato kwamfutar Apple, yana da iMovie. In kwamfutar ta tsufa kuma yanka kawai kake so, Avidemux ko LosslessCut sun wadatar.

Juya bidiyo zuwa MP4 yana rage kyansa?

Ya danganta da irin juyin. In kodek ɗin ciki mai kyau ne, kamar MKV mai ɗauke da H.264, ana iya kwashe abin ciki a zuba a sabon mazubi ba tare da an taɓa hoton ba. Manhajar FFmpeg na yin haka cikin 'yan daƙiƙoƙi, Avidemux ma haka in ka zaɓi kwafi. Amma in sai an sauya kodek, kamar yadda manhajar HandBrake ke yi, to an kwance hoton ne an sake matsewa, kuma kowace matsa tana zubar da wani abu. Ka lura da wuraren duhu da inda ake motsi da sauri, nan ne hoton ke fara fashewa murabba'i-murabba'i. Bidiyon tsohuwar waya mai faɗin ɗigo 176 da tsayin 144 kuwa, ko ka kumbura shi zuwa tsayin ɗigo 1080, nauyi kawai zai ƙara.

Don haka ka juya sau ɗaya, daga na asali, zuwa MP4 mai H.264 da sautin AAC. Na asalin ka adana shi a wuri biyu, ka kuma kalli sabon tun daga farko har ƙarshe, don sau da yawa sai can tsakiya murya ke fara riga baki.