Bututun ruwa a cikin kwata: a yi magana tun rami yana buɗe

Duk unguwar da aka wayi gari aka ga leburori sun ja layi da diga da shebur a gefen kwalta, ko katafila tana tsaga ƙasa, abin da jama'a ke fara tambaya shi ne yaushe za a gama a buɗe musu ƙofar shago. Ba laifi a tambaya. Amma ni da nake aikin duba-gari, so nake a fara da wata tambayar: me za a binne, a wane zurfi, kuma me yake maƙwabtaka da shi? Kwanakin da ramin yake buɗe su kaɗai ne za ku ga hanyar ruwan shanku da idonku. Da zarar an cike an shimfiɗa kwalta, magana ta ƙare, sauran labarin sai a asibiti.

Mu ɗauki Kano. Ruwan famfo yana fitowa ne daga matatun Challawa da Tamburawa da Watari. Ta Challawa tun shekarun 1930 take, ta Tamburawa kuwa an gina sabuwarta don ta tace lita miliyan 150 a rana. A matata ana kwantar da laka, a tace ruwan, a sa masa sinadarin kulorin mai kashe ƙwayoyin cuta. Daga nan sai ya kama tafiyar kilomitoci a ƙarƙashin titi, ya ratsa kwalbati, ya gifta lambatu, kafin ya iso ƙofar gida. A wannan tafiyar ake samun ɓarna.

Ga yadda abin yake faruwa, kuma shi ne mutane da yawa ba su sani ba. Muddin bututu yana cike da ruwa mai ƙarfi, ko da ya tsage, ruwa ne zai riƙa fita waje, ƙazanta ba ta samun hanyar shiga. Asara ce, amma ba cuta ba ce tukuna. To a garuruwanmu ruwa ba ya kwana ya wuni a famfo. Ana kawowa, ana ɗaukewa. Lokacin da aka ɗauke, ragowar ruwan da ke ciki yana gangarawa wajen kwari, ya bar bututun fanko, sai bututun ya koma zuƙa, kamar yadda ɗan bumburutu ke zuƙo fetur da tiyo. Duk abin da ke kwance a bakin tsagar nan ciki zai shige. In tsagar a cikin busasshiyar ƙasa take, da sauƙi. In a cikin kwata take, to ruwan kwata ne, da abin da ya tsiyayo daga masai da sokawe. Ranar da aka dawo da ruwa, shi ne zai fara isowa bokitinki, uwargida. Masu saka injin jan ruwa kai tsaye a jikin bututun gwamnati suna ƙara dagula lamarin, domin injin yana ƙara ƙarfin zuƙar, ya ja wa kansa ya ja wa maƙwabta. Injin a jikin tanki ya kamata ya zauna.

Mun saba ɗora laifi a kan Hukumar Ruwa da tsofaffin bututunta, kuma akwai gaskiya a ciki. Sai dai abin da na fi gani a zagaye ba babban bututu ba ne, jonin gida ne. Mai gida ya kira mai gyaran famfo, shi kuma don gudun wahalar haƙa da kuɗin yanka kwalta sai ya zura siririn bututun roba ta cikin kwalbati, ko ya shimfiɗa shi a ƙasan lambatu tun daga bakin titi har lungu. Ka leƙa kwata ɗaya ka ga bututu sun harɗe da juna, kowanne na gida daban. Inda ya fashe an ɗaure da robar taya ko leda. Robar taya tana rage tsiyaya, amma ba ta hana zuƙa. Haka tiyon da wasu masu rijiyar burtsatse ke sayar wa 'yan garuwa ruwa da shi: bakinsa a ƙasa, cikin taɓo, sannan a ɗauka a cusa a jarka.

Kada a ɗauki wannan ƙaramin abu. A 2021 hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasa, NCDC, ta lissafa mutum fiye da 111,000 da ake zargin sun kamu da kwalara a Najeriya, fiye da 3,600 suka rasu, kuma fiye da rabin waɗanda suka kamu daga Bauchi da Jigawa da Kano da Zamfara suke. Ba duka ne ta famfo ba; akwai rijiya, akwai kududdufi, akwai bahaya a fili. Amma hanyar guda ce, kashi ya haɗu da ruwan sha. Ta nan taifot ke bi, ta nan wasu nau'o'in ciwon shawara ke bi, ta nan gudawar da ke ramar da yara ke bi. Ruwa ba ya tsami banza.

To idan ana aiki a layinku, me za ku duba? Babu buƙatar zama injiniya. Ƙa'idar da masana aikin ruwa ke bi ita ce bututun ruwan sha ya yi nesa da hanyar ƙazanta da kimanin mita 3 idan suna tafiya a jere. Inda dole sai sun gifta juna, na ruwan sha ne a sama, da tazarar kusan rabin mita, kuma kada mahaɗar bututu biyu ta faɗo daidai kan magudana. Inda lungu ya matse babu wannan filin, ana zura bututun a cikin wani babba ya zama masa riga. A shimfiɗa yashi a ƙarƙashinsa da samansa, ba ɓaraguzan gini ko dutse mai kaifi ba. A binne shi da zurfin da nauyin tifa ba zai murƙushe shi ba. Da yamma in an tashi aiki, a toshe bakin bututun da ba a haɗa ba, kada ɓera da ruwan kwata su kwana a ciki. Kafin a saki ruwa ga jama'a kuma, ana wanke sabon layi da kulorin mai ƙarfi a zubar. Wannan na ƙarshen shi aka fi tsallakewa, don ba a ganinsa, ba kuma a ɗaukarsa hoto ranar buɗe aiki.

In kun ga an saɓa, ba faɗa da lebura za a yi ba, shi umarni yake bi. A je wajen mai unguwa, shi da dattawa biyu uku su nemi mai kula da aikin su yi masa magana da mutunci. In bai ji ba, ofishin lafiya na ƙaramar hukuma yana da sashen duba-gari, Hukumar Ruwa ma tana karɓar ƙorafi. A ɗauki hoto da waya tun ramin yana buɗe. Tun ran gini ran zane. Kuma wannan ce damar mai gida: tunda an riga an haƙa, ya nemi a fitar da jonin gidansa daga kwata a binne shi yadda ya dace. Ba zai sake samun arahar haka ba. Wanda zai yanka titi don kansa ya nemi izini tukuna. Titin tarayya yana ƙarƙashin Ma'aikatar Ayyuka ta Tarayya da FERMA, hukumar gyaran titunan tarayya, na cikin gari kuwa akwai hukumomin jiha irin su KNUPDA, hukumar tsara birane ta Kano. Yankan dare da ake yi a ɓoye shi ke haifar da ramin da damina za ta mayar tafki.

Shi kansa ramin haɗari ne kafin a kai ga maganar ruwa. Mai babur da daddare, makaho da sandarsa, tsohuwa mai zuwa asuba, yaran Islamiyya da ke fitowa a guje, duk ba su san da shi ba. Haƙƙin ɗan kwangila ne ya kewaye shi da shinge, ya sa alama mai ƙyalli da dare, ya ɗora katako mai ƙwari a ƙofar gidaje da makarantu. Reshen darbejiya da aka soka a tarin ƙasa ba shinge ba ne. In ruwan sama ya taru a ciki, ruwan da bai kai gwiwar babba ba yana iya cinye yaro mai rarrafe, kuma cikin kwana bakwai zuwa goma sauro ya ƙyanƙyashe a ƙofar gidanku. A matsa a janye ruwan ko a cike ramin.

'Yan'uwana masu haƙa, ku ma da ku nake. Ƙasar da ta cika faɗin mita ɗaya, tsawon mita ɗaya, zurfin mita ɗaya ta haura tan ɗaya nesa ba kusa ba. In gefen rami ya rufto wa mutum zuwa ƙirji, numfashi ke gagara ko da kansa yana waje. Rami in ya kai ƙirjin mutum, ko dai a tokare gefensa da katako ko a buɗe bakinsa ya yi gangare, musamman a ƙasa mai yashi ko bayan ruwan sama. Ƙasar da aka fitar a ja ta baya daga baki, kada a tara ta a kan kai. Ramukan da ke da marfi a kan titi, da sokawe, su kuma iska ce matsalarsu. Akwai iska mai warin ruɓaɓɓen ƙwai da in ta yi yawa hanci ya daina jin ta, mutum ya yanke jiki ya faɗi. Abin da ke ninka gawa shi ne tausayi: na farko ya faɗi, na biyu ya shiga ceto, na uku ya bi su. Kada kowa ya shiga sai da igiya a ƙugu da mutane a sama, kuma a kira 'yan kwana-kwana. Su kuwa masu sace marfin ƙarfe su kai wa 'yan jari-bola, ba ƙarfe suka sayar ba, ran wani ne.

Ba ruwa kaɗai ake binnewa ba. Akwai wayar lantarki, akwai wayar sadarwa da layin wayarku da na'urar POS suka dogara da ita, wadda in katafila ta tsinke ta sai gari ya rasa sabis, har da mai neman motar asibiti. Mafi haɗari shi ne bututun mai da na gas. A watan Mayu na 2008, a Ijegun da ke Legas, motar aikin titi ta fasa bututun mai, wuta ta bi gidaje har ta kai kusa da makaranta, aka yi asarar rayuka masu yawa. A Jesse ta jihar Delta, a Oktoban 1998, fiye da mutum 1,000 suka ƙone, da yawansu sun je kwasar man da ke tsiyaya ne. Da can mukan ji irin wannan a matsayin labarin Kudu. Yanzu ga bututun gas na AKK mai tsawon kilomita 614 daga Ajaokuta ta Abuja da Kaduna zuwa Kano, wanda aka ƙaddamar da aikinsa a 2020, yana ratsa gonaki da ƙauyukanmu. Inda aka kafa turakun alama, ba a gini, ba a haƙa rijiya ko masai, ba a ƙona shara. Mai haƙa in ya ci karo da leda mai launi shimfiɗe a cikin ƙasa, ko jerin bulo, ya tsaya. Gargaɗi ne cewa akwai abu a ƙasa. In an ji warin mai ko gas, a bar wurin ta inda iska ke fitowa, kada a tayar da mota ko a ƙyasta ashana, sai an yi nisa a kira 112.

Mu koma cikin gida, tunda ba duk kwata za a gyara bana ba. Ranar da aka kawo ruwa bayan an daɗe da ɗaukewa, ko bayan an yi aiki a layinku, kada a tari na farko don sha. A bar shi ya zuba har ya washe, a yi ban ruwan shuka da shi. Washewa kuma ba tsarki ba ce, ƙwayar kwalara ba ta canza launin ruwa. Alif yana kwantar da laka ne kawai, ba ya kashe cuta. Na sha a tafasa shi ya yi ɓararraka sosai, ko a sa maganin kulorin gwargwadon yadda aka rubuta a jikin kwalbar ko takardar, a jira minti 30. Randa a rufe ta, moɗa guda mai mariƙi, kada kowa ya tsoma hannu. Ruwan 'yan garuwa ma haka za a yi masa.

In wani ya fara zawo tsululu mai kama da ruwan wankin shinkafa, ko da amai ko babu, a fara ba shi ruwan gishiri da sukari nan take, ana ba shi ana tafiya asibiti. Na ƙunshi da ake sayarwa a kemis ya fi. In babu, a samu lita ɗaya ta tafasasshen ruwa da ya huce, a zuba sukari ƙaramin cokali shida a shafe, gishiri rabin ƙaramin cokali. Mai shayarwa ta ci gaba da ba da nono. Kwalara tana iya kashe ƙato cikin sa'o'i, amma in an kai da wuri, ba a rasa ko mutum ɗaya cikin ɗari. In kuwa gida biyu ko uku a layi ɗaya suka kamu a tare, a daina shan famfon layin, a sanar da asibitin unguwa a ranar, ko a kira NCDC kyauta a 6232, don a zo a ɗebi ruwan a gwada, a bi bututun a gano inda ya fashe.