Waiwaye: Ƙarancin kaya bai faro daga korona ba

Tun 2020 ake ta ja-in-ja kan yadda kamfanoni ke tafiyar da sarkar samar da kaya, wasu na cewa tsarin kawo kaya daidai lokacin buƙata ya mutu a koma cika sito, wasu na cewa ai annoba ce kawai, ta wuce shi kenan. Da jirgin Ever Given ya toshe mashigin Suwez kwana shida a Maris 2021 sai muhawarar ta ƙara zafi, kamar a ranar abin ya faro.

Farkon labarin sananne ne. A 1956 ɗan kasuwar Amurka Malcom McLean ya loda kwantena 58 a jirgi daga Newark zuwa Houston, dako ya yi araha. A Japan kuma Taiichi Ohno na Toyota ya gina tsarin da ba a tara kaya, sai an buƙata a kawo. Duniya ta kwaikwaya, masana'antu suka watsu ƙasa-ƙasa, kowa na bin inda ya fi sauƙin kuɗi.

Amma shekarar da ba a cika tsayawa a kanta ba ita ce 2011. Ranar 11 ga Maris girgizar ƙasa da tsunami suka afka wa arewa maso gabashin Japan, cikin wuraren da suka lalace har da masana'antar kamfanin Renesas da ke Naka, mai yin cif, wato ƙananan na'urorin lantarkin da ke sarrafa injin mota da birki da sauransu, kuma a lokacin Renesas na riƙe da kusan kashi 40 cikin ɗari na kasuwar irin wannan cif a duniya. Sai da aka yi kusan wata uku kafin ta koma aiki, shi ma sai da aka turo dubban ma'aikata daga wasu kamfanoni suka taya gyara.

Abin da ya fito fili shi ne mai haɗa mota ya san wanda ke kawo masa kaya kai tsaye, amma bai san wanda shi wancan ke saye a wurinsa ba, balle na bayansa. Kana ganin kana da masu kawo kaya biyar ka raba ƙafa, ashe dukkansu a rijiya ɗaya suke ɗiban ruwa. Toyota ta kwashe wajen wata shida kafin aikinta ya daidaita, daga nan ta zauna ta bi sarkar har gindi, ta haɗa rumbun bayanai na wa ke yin me a ina, ta kuma nemi masu kawo mata kaya su riƙa ajiye cif na wata biyu zuwa shida. Ku lura fa, kamfanin da ya koya wa duniya kar a tara kaya shi ne ya gyara dokarsa da hannunsa. Ƙarshen shekarar kuma ambaliyar Tailan ta tsayar da masana'antun faifan ajiyar kwamfuta, farashi ya yi sama, gargaɗi na biyu kenan.

Da ƙarancin cif ya zo a 2021 Toyota ta jima tana aiki lokacin da wasu suka tsaya, duk da ita ma daga baya ta rage yawan motocin da take ƙerawa a watan Satumba. Ajiya tana sayo lokaci ne kawai.

Ni a ganina matsalar tana cikin ofis. Sashen saye ana yaba masa idan ya samo araha, mai kula da sito ana yaba masa idan kaya ba su kwanta ba, to wa aka ɗora wa tambayar idan wannan masana'anta ɗaya ta tsaya fa? Galibi babu, kuma haka tsarin zai shekara goma ba a taɓa shi ba saboda yana kawo riba. Gyara ake buƙata, amma ba ina nufin irin garambawul ɗin da kowane sabon oga ke yi ba, a canza sunan sashe a canza kujeru, wannan gajiyar da ma'aikata kawai yake. Ina nufin duk shekara a sake bin sarkar, a duba wa ke da ikon yanke shawara ran da kaya suka maƙale, a sauya ma'aunin da ake yaba wa kowane sashe da shi. Mai kawo kayan da ke da masana'anta biyu bara yana iya rufe ɗaya bana, kuma ba lallai ya kira ka ya faɗa maka ba.