Haƙoran roba: tambayoyi da amsoshi kan wanke su da kula da bakin da ke ɗauke da su

Tunda roba ne ai ba sa ruɓewa, to meye na wahalar wanke su kullum?

Gaskiya ne robar ba ta ruɓewa, amma bakin da take zaune a ciki nama ne. Ka cire haƙoran ka juya bayansu, wajen da ke kwanciya a kan dasashi da ganɗa, ka shafa da ɗan yatsa, zaka ji wani santsi-santsi mai yauƙi, wani lokacin ma zaka ga fari-fari ya maƙale a lungu-lungu. To wannan ba ragowar abinci bane kawai, ƙwayoyin cuta ne suka yi gida, kuma idan aka bar su sai su daskare su zama kanta mai tauri wadda burushi ba ya iya fitarwa sai likitan haƙori. Daga nan warin baki ke farawa, kuma abin tausayin mai shi ba ya ji, na kusa da shi ne ke ji kuma kunya ta hana su faɗa.

Zan iya goge su da man goge baki irin na kowa?

A'a dan Allah, nan ne mutane da yawa suke kuskure da kyakkyawar niyya. Man goge baki akwai ɗan tsaki-tsaki a cikinsa da aka yi don haƙorin gaske mai ƙarfi, ita kuwa robar nan (akirilik ake ce mata) tafi haƙori laushi nesa ba kusa ba, sai man ya riƙa kankare ta yana barin ƙananan zane da ido ba ya gani, datti kuma ya samu maɓoya. Burushi mai laushi da sabulun ruwa mara ƙarfi sun isa, ko maganin da aka yi musamman don haƙoran roba. A goge ko'ina ciki da waje aƙalla sau ɗaya a rana, bayan cin abinci kuma a cire a ɗauraye. Sannan ka tara ruwa a kwano ko ka shimfiɗa tawul kafin ka fara, domin da sabulu a hannu suna da sulɓi, faɗuwa ɗaya a kan siminti ta isa ta raba su biyu.

Dole ne sai na cire su in zan kwanta?

Wannan ita ce tambayar da ta fi damuna wallahi. Na san dalilin da yasa mutane ba sa son cirewa, kunya ce, mutum baya so matarsa ko mijinta ko jikoki su gan shi baki ya lotsa, kuma ban raina wannan ba ko kaɗan. Tsohuwarmu ta daɗe tana kwana da nata ba wanda ya sani, sai ranar da ta fara cewa abinci na mata zafi a baki muka lallaɓa ta ta cire, muka haska da tocila, ganɗarta tayi jajur kuma jan ya bi daidai shatin robar kamar an zana. Likita yace funfuna ce da ake kira kandida, tana son wuri mai ɗumi da laima wanda yawu baya kaiwa, ƙarƙashin haƙoran roba kenan. Mafi yawan lokaci ma bata zafi sam, shiyasa mutum zai yi watanni da ita bai sani ba, wani kuma gefen bakinsa ne zai riƙa tsagewa. Masu ciwon suga da masu bushewar baki tafi saurin kama su.

Kuma abin bai tsaya a baki ba. Wani bincike da aka yi a Japan aka fitar a 2015, an bi tsofaffi 524 ’yan shekara 85 zuwa sama har tsawon shekara 3, aka gano masu kwana da haƙoran roba haɗarin kamuwarsu da nimoniya (ciwon huhu) ya ninka fiye da sau biyu, saboda cikin barci mutum na iya shaƙar yawu mai ƙwayoyin cuta zuwa huhu. In kunya ce matsalar, a samu ɗan mazubi mai murfi, a cire bayan an kashe fitila, a mayar da asuba.

To in na cire a ina zan ajiye?

A cikin ruwa mai sanyi, kar a bar su su bushe. Ruwan zafi kuwa ko kusa, yana lanƙwasa robar ta daina zama daidai a baki kuma ba ta komawa yadda take.

Ƙwayoyin nan da ake jefawa a ruwa suna kumfa fa?

Suna da amfani, irin su Polident da Steradent, suna kashe ƙwayoyin cuta suna rage tabon shayi da sigari, amma basa maye gurbin burushi, a goge tukuna sannan a jiƙa gwargwadon lokacin da aka rubuta a kwalin. A ɗauraye sosai kafin a mayar baki, kar a kuskure baki da ruwan, kuma a ɓoye su daga yara da tsohon da ya fara ruɗewa don kar ya ɗauka maganin sha ne. Bilic kuwa ni ina ganin a bar shi sai in likita ne ya faɗi yadda za a sirka, yana kashe launin robar, in kuma haƙoran masu ƙugiyar ƙarfe ne yana cin ƙarfen.

Ba ni da haƙori ko ɗaya, me zan goge a bakin?

Dasashi, harshe da ganɗa, safe da dare, da burushi mai laushi ko tsumma mai tsabta da aka jiƙa. In kuma akwai sauran haƙoranka na gaske to su kam a goge su da man goge baki mai fuloraid sau biyu a rana, musamman waɗanda ƙugiyar ke kamawa, domin nan abinci ke taruwa kuma in suka lalace robar ta rasa abin riƙewa.

Sun fara yi min yawa suna motsi in ina magana, ko na ƙara gam ne?

Ba robar ce ta buɗe ba, ƙashin muƙamuƙi ne ke raguwa a hankali tun daga ranar da aka cire haƙori, haka yake ga kowa. Gam ɗin haƙoran roba ɗan kaɗan ba laifi, a kuma wanke ragowarsa kullum, amma in ka ga kullum ƙara yawansa kake to lokacin zuwa likita yayi, ya cike cikin robar ta koma daidai ko a yi sabo, galibi tsakanin shekara 5 zuwa 10 ake sakewa. Wasu gam ɗin akwai sinadarin zink a ciki kuma yawan amfani da su fiye da kima na tsawon lokaci yana taɓa jijiyoyi. In sun tsage kar a liƙa da gam ɗin gyaran kaya, kar kuma a kankare da wuƙa ko reza wai don suna gurzar dasashi. Sannan duk gyambo ko kumburi ko wani fari ko jan tabo a baki da ya kai sati 3 bai warke ba, a kai wa likita ya duba ko da baya zafi, saboda ciwon dajin baki haka yake farawa shiru, kuma mutum na iya ɗauka gurzar roba ce kawai. Ko ba komai ma a riƙa zuwa a duba bakin lokaci-lokaci, a tafi da haƙoran a hannu ko a baki domin su ma za a duba su.