Waliyyi Rok na Montpellier

Rok, wanda Italiyawa ke kira San Rocco, waliyyi ne na Cocin Katolika da mabiya ke neman cetonsa a lokacin annoba. An haife shi a Montpellier da ke kudancin Faransa. Tsohuwar ruwaya ta ce ya rayu daga wajen 1295 zuwa 1327, amma masu binciken tarihi na baya-bayan nan sun fi karkata ga tsakiyar ƙarni na 14, zamanin da annobar Baƙar Mutuwa ta share kaso mai yawa na mutanen Turai.

Bisa labarin da aka gada, ɗan gidan masu hannu da shuni ne. Iyayensa sun rasu yana da shekara kusan 20, sai ya rabar da dukiyarsa ga talakawa, ya ɗauki sanda ya nufi Rum ziyarar ibada. A hanya ya tarar da annoba a garin Acquapendente da ke Italiya, ya tsaya yana jinyar marasa lafiya a daidai lokacin da kowa ke gudunsu. A Piacenza cutar ta kama shi. Don kada ya shafa wa wani, ya koma daji ya kwanta a bukka. Nan ne karen wani attajiri mai suna Gottardo ya riƙa kawo masa burodi kullum, yana lasar gyambonsa har ya warke. Wannan ɓangaren ne ya fi zama a zukatan jama'a. A kan hanyarsa ta komawa gida aka kama shi bisa zargin leƙen asiri, ya ƙi bayyana asalinsa, ya yi shekara 5 a kurkuku har ya rasu.

A birnin Venice na Italiya aka kafa ƙungiyar 'yan'uwa ta addini da sunansa a 1478, aka kai gawarsa birnin a 1485. Zauren ƙungiyar ne mai zane Tintoretto ya fara ƙawatawa da zane-zane daga 1564. A hotuna ana gane shi da sandar matafiyi, yana ɗage rigarsa ya nuna ƙurji a cinya, kare na gefensa riƙe da burodi a baki.

Ana bikinsa ranar 16 ga Agusta. A Boliviya, ranar ta zama ta karrama karnuka, kuma birnin Tarija na gudanar da babban bikin San Roque duk shekara.